Yadda Ikilisiya Ta Sake Miƙewa Bayan Mulkin Gurguzu: Darasi Daga Maƙwabta

A wannan fitowa muna so mu yi bayani a kan abin da ke riƙe ikilisiya sa'ad da hukuma ta juya mata baya, da yadda ake sake gina ta bayan tsanani ya wuce. Ba sai mun je Rasha ko Sin neman misali ba. Wanda ya bi ta Kamba zuwa Gaya, ya haye gadar Kwara ya shiga Malanville, to yana cikin Jamhuriyar Benin, ƙasar da ta yi shekara 15 a ƙarƙashin mulkin gurguzu.

Mene ne gurguzu?

Gurguzu, ko kwaminisanci, tsari ne da ke cewa gona da masana'anta da makaranta duk su koma hannun gwamnati, jam'iyya kuma ta zama ɗaya tak. Masu wannan aƙida suna ɗaukar addini a matsayin abin da ke hana talaka farkawa. Saboda haka duk inda suka karɓi mulki, sukan fara da makarantun mishan, sa'an nan su juya kan shugabannin ikilisiya.

Abin da ya faru a Benin

Fadannin ƙungiyar SMA sun sauka a Ouidah a 1861, daga baya aikinsu ya kai arewacin ƙasar. Su ne dai waɗanda aka sani da aiki a yankin Kontagora da Zuru. A 1972 wani soja, Mathieu Kérékou, ya ƙwace mulki. Ranar 30 ga Nuwamba 1974 ya sanar cewa ƙasar ta rungumi aƙidar gurguzu, a 1975 kuma aka sauya mata suna daga Dahomey zuwa Benin. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan. An kama wani fada, Alphonse Quenum, a 1975, aka yanke masa hukuncin kisa. Ba a zartar ba, amma bai fito daga kurkuku ba sai 1984.

Da tattalin arziki ya durƙushe, albashi ya gagara biya, gwamnati ta yi watsi da gurguzu a Disamba 1989. Aka kira babban taron ƙasa a Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990. Da aka nemi wanda kowane ɓangare zai yarda da shi ya shugabanci taron, sai aka ɗauko Bishop Isidore de Souza, daga ikilisiyar nan da aka ƙwace wa makarantu. Bai yi amfani da kujerar don ramuwa ba. An sauya mulki ba tare da zubar da jini ba, aka yi zaɓe a 1991.

Bayan haka aka koma ga gini. An sake buɗe makarantun Katolika, aka kuma raba manyan yankuna domin bishop ya matso kusa da jama'a. An kafa dayosis na Kandi, wanda ke iyaka da Jihar Kebbi, a 1994, na Djougou a 1995, na N'Dali a 1999. A 1993 Fafaroma John Paul na Biyu ya je Parakou ya gana da shugabannin Musulmi, domin a arewacin Benin, kamar a nan wurinmu, Kirista da Musulmi kasuwa ɗaya suke ci.

Gini, inda wutar ta fi zafi

A ƙasar Gini, can yamma da mu, abin ya fi haka muni a zamanin Sékou Touré. An karɓe makarantu a 1961, aka kori babban bishop na Konakiri, wanda Bafaranshe ne. A 1967 aka kori sauran Turawan mishan. A ƙarshen 1970 aka kama Babban Bishop Raymond-Marie Tchidimbo, ɗan ƙasa, aka tsare shi a sansanin Boiro har 1979. Fadannin da suka rage kaɗan ne, ƙauyuka da yawa sukan daɗe ba su ga fada ba.

To, wa ya riƙe garken? Katikis ne da iyaye. Katikis ya tara jama'a ranar Lahadi, ya karanta Maganar Allah, ya koya wa yara addu'a, ya binne matattu. A 1979 aka naɗa Robert Sarah babban bishop yana ɗan shekara 34, ɗan ƙauyen Ourous ne da ya tashi a hannun 'yan mishan. Sékou Touré ya rasu a 1984. Da 'yan mishan suka dawo, ba kango suka tarar ba, sun tarar da masu bi da shugabanni 'yan ƙasa. Aikinsu ya zama taimako wajen horar da fadanni da katikis da gyaran makarantu da asibitoci.

Me ya shafe mu?

Mu a nan ba gurguzu ke mulkinmu ba, kuma ba muna kwatanta halinmu da nasu ba ne. Amma mun san yadda fada ɗaya ke zagaya ƙauyuka masu yawa a kan babur, mun san yadda ambaliyar fadama ke yanke hanya da damina. Gini da mota da tallafin ƙasar waje duk ana iya ƙwace su ko su ƙare. Abin da aka shuka a zuciyar mutum ne ba ya ƙwatuwa. Don haka muna ba kowace ikilisiya wannan shawara:

1. Kada a dogara ga katikis ɗaya. A zaɓi matasa biyu, namiji da mace, su riƙa koyo a hannunsa tun yanzu.

2. A kula da cin katikis. Ko gonar gayya, ko mudun shinkafa daga kowane gida bayan girbi. Mai yunwa ba ya koyarwa.

3. A riƙe ajin yaƙi da jahilci, domin kowane gida ya sami mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa.

4. A adana littafin baftisma da na aure a cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da ruwa.

5. Rijiya ko ɗakin shan magani da muka gina, a bar shi buɗe ga kowa. Amanar da ta sa aka kira Bishop de Souza ba a rana ɗaya aka tara ta ba.

Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Muna roƙon kwamitin kowace ikilisiya da Zumuntar Mata su zauna a kan waɗannan abubuwa biyar kafin damina ta faɗi, su shirya sunayen matasan da suka zaɓa domin mu karɓa a zagayenmu na gaba. Allah ya ba mu ikon aikatawa. Amin.