Ciwon Hanjin da Alkama Ke Tayarwa

Wanda ya zaga Zongon Kwatano ko Cadjèhoun da sassafe zai ga dogon burodi a teburin mai shayi, ga taliya, ga yovo doko ana soyawa a bakin hanya. Duk daga fulawa suke, fulawa kuwa alkama ce. Yawancin mutane suna ci su kwana lafiya. Amma akwai waɗanda alkama ke cinye musu hanji a hankali. Sunan wannan ciwo siliyak.

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin. Shi ne ke sa ƙullun burodi ya yi yauƙi. A bangon ƙaramin hanji kuma akwai 'yan tsirai kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci. In mai siliyak ya ci gulutin, sai garkuwar jikinsa ta far wa tsiran nan har su shafe. Daga nan abinci ya riƙa wucewa ba ya kama jiki.

Alamun su ne zawo mai maiƙo da wari wanda ya ƙi tsayawa, kumburin ciki, rama, kasala da ƙarancin jini. Yaro yakan tsaya da girma bayan an fara ba shi burodi ko biskit, cikinsa ya yi tulu, ƙafafu su sirance. Ba sammu ba ne, ba kuma a ɗaukarsa a kwano. Yana bin jini: cikin 'yan uwa na kusa goma, ana iya samun ɗaya mai shi.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya gano tushen ciwon. A yunwar 1944 zuwa 1945 burodi ya yi wuya a ƙasarsu, sai yara masu wannan zawo suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. Kada a ce cutar Turawa ce kawai. A 1999 an auna yaran Saharawi da ke sansanin gudun hijira a Aljeriya, inda fulawar agaji ta zama abincin kullum, aka samu fiye da 5 cikin 100 suna da ita.

Duk da haka, a ƙasarmu tsutsar ciki, atini da ruwa marar tsabta sun fi kawo zawo. Saboda haka kada ku yanke wa kanku hukunci. Ku zo asibiti a duba bayan gida tukuna. In an yi magani bai tsaya ba, akwai gwajin jini, wani lokaci har a leƙa hanji da na'ura. Irin wannan bincike sai babban asibiti, kamar CNHU Hubert Maga a Kwatano. Kada ku daina cin alkama kafin gwajin, domin in kun daina, jinin zai iya nuna ba komai.

In an tabbatar, babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da shi. Maganin yana cikin tukunya: a bar alkama da sha'ir har ƙarshen rai. Wannan ba zama da yunwa ba ne, gama yawancin abincin kakanninmu ba shi da gulutin. Ku ci tuwon masara, dawa ko shinkafa, fura, koko, ƙosai, alale, acca, doya, rogo da gari. Akassa, amiwo da atassi na maƙwabtanmu ma ba laifi.

Ku bar burodi, gurasa, taliya, Indomie, biskit, cincin, fanke, funkaso, alkaki da lemon malt. Semo ma alkama ne, ko da yake kamar tuwo yake a ido.

Wahalar tana wurin alkamar da ta ɓuya. Wasu masu ɗanwake da waina suna ƙara fulawa, sai ku tambaya ba kunya. Ƙosan da aka soya a man fanke ya ɗauki gulutin. Injin da ya niƙa alkama zai bar ta a garin masararku, gara ku daka a turmi ko ku nemi injin da ba ya taɓa ta. Ku ware rariya da muciya. In za ku sayi dunƙulen miya ko abin gwangwani a kasuwa, ku sa mai karatu ya duba ko an rubuta blé, orge, seigle ko gluten.

A wurin biki ko suna, ku ci a gida kafin ku fita. Masu bi su gaya wa fasto tun da wuri, domin gurasar Jibin Ubangiji yawanci ta alkama ce. Iyaye, ku sanar da kaka da malamin makaranta. "Ɗan gutsure kawai" da ake miƙa wa yaro don tausayi ya isa ya tayar da ciwon, ko da bai yi zawo ranar ba.

Cikin 'yan makonni zawo yakan lafa, ci ya dawo. Hanjin yaro yakan warke cikin watanni, na babba ya fi daɗewa. Kafin nan, a sha ruwan gishiri da sukari in zawo ya taso, a rage madara in tana kumbura ciki, a yawaita hanta, wake, kifi da zogale don jini. Ku riƙa kawo yaron awo kowane wata. Ma'auni ne zai nuna mana ko alkama ta fita daga tukunyarku.