Mai Ciwo Da Abokansa A Lokacin Shirin Kirsimeti

Yau za mu yi tunani a kan abin da ke damun gidaje da yawa idan watan Disamba ya ƙarato, wato yadda mai fama da ciwo zai shiga hidimar Kirsimeti tare da abokansa ba tare da jikinsa ya tashi ba. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, gama abin da jama'ar wurin suka sha zai koya mana darasi.

Mun san yadda lokacin yake zuwa. Ana gama godiyar kaka, masara da dawa sun shiga rumbu, sai 'yan kwaya da Zumuntar Mata su fara koyon waƙoƙi da dare. Tela ya cika da ɗinkin anko, maza suna tara kuɗin watanda, mata suna suyar cincin. Ana kuma shirin kai wa maƙwabta Musulmi shinkafa da miya, kamar yadda su ma suke aiko mana da nama a lokacin Sallah. Dukan waɗannan abubuwa masu kyau ne, su ne suke riƙe zumunci.

Amma daidai wannan lokaci ne hunturu yake sauka. Sanyi da ƙura suna tayar wa mai asma numfashi. Mai amosanin jini, wato sikila, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna jawo masa ciwon ƙashi mai tsanani. Wannan ciwo kuwa ba baƙo ba ne a cikinmu, gama kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayarsa, ko da shi kansa ba ya kwanciya. Mai hawan jini kuma, ga miyar biki da ta sha gishiri da magi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya. Mai ciwon suga ana miƙa masa lemon kwalba a kowane gida ya shiga, ga shi kwalba guda tana iya ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 9.

Me ya sa muka zaɓi Birnin Gwari? Domin a can kuskure kaɗan yana da tsada. Daga garin zuwa Kaduna tafiya ce ta fiye da kilomita 100, ta Udawa da Buruku. Dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da dajin Kuyambana na wajen Zamfara, kuma shekara da shekaru 'yan bindiga suka mai da su maɓoya. A waɗannan shekaru, idan ciwo ya tashi da dare a ƙauye, ba mai iya fita da mota sai gari ya waye. Iyalai da yawa sun bar gonakinsu sun koma cikin gari ko Kaduna. A watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu, muka gode wa Allah. Duk da haka nisan hanya bai ragu ba, darasin kuma yana nan: inda asibiti yake da nisa, aboki na ƙwarai shi ne magani na farko.

Ga matsalar. Mai ciwo yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu, dukansu kuwa ba su ɓullewa. Wani kunya take hana shi cewa a'a. Ya tsaya cikin sanyi har tsakar dare wurin koyon waƙa, ya ci duk abin da aka ajiye masa domin kada a ce ya raina, ya karkashe kuɗin magani a kan anko. Ranar Kirsimeti kuwa ta same shi a kwance. Wani kuma sai ya rufe ƙofa, ya daina zuwa ko'ina, kaɗaici ya ƙara masa ciwo a kan ciwo.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana hanya ta uku. Cikin Markus sura 2, wani shanyayye bai iya zuwa wurin Yesu da ƙafarsa ba, sai mutum huɗu suka ɗauke shi, har suka buɗe rufin ɗaki suka saukar da shi. Ba su ce ya yi ƙoƙari ya tashi ba, su ne suka sake dabara. Cikin Luka sura 1 kuma, kafin Kirsimeti na fari, Maryamu ta tafi ƙasar tuddai wurin Alisabatu, tsohuwa mai ciki wata shida, ta zauna da ita wajen wata uku. Ashe ziyarar mai rauni tana cikin shirin haihuwar Mai Ceto tun daga farko.

Saboda haka, kai mai ciwo, faɗi gaskiyar jikinka ga abokanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zaɓi taro ɗaya ko biyu da suka fi maka muhimmanci, sauran ka aika da gaisuwa. Sayi maganin da zai kai ka Janairu kafin ka biya tela. Kada ka bar shan maganin da likita ya ba ka da sunan biki ko azumi, gama shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Sa rigar sanyi, sha ruwa da yawa. Kada kuma ka kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, iskarsa tana kisa ba a jin warinta.

Mu kuma abokai, zumunta a ƙafa take. Idan 'yar'uwa ba ta iya zuwa koyon waƙa ba, bari mutum uku ko huɗu su je gidanta da yamma, tun rana ba ta faɗi ba, su raira biyu su yi addu'a su tashi, kada su gajiyar da ita. Mai girki ta ɗebi miyar mai hawan jini kafin ta ƙara gishiri. Idan baƙo ya ce ruwa ya ishe shi, kada mu tilasta masa lemo. A kason watanda a tuna da gwauruwa da wanda ya yi gudun hijira. Dattawan ikkilisiya su san wane ne mai babur ko mota da za a kira in larura ta taso, su kuma ware wani abu daga baikon kaka domin magani. Maƙwabcinmu Musulmi da ke kwance, shi ma mu je mu ce masa sannu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi marasa lafiya na Birnin Gwari da na ko'ina. Ka ba su hikimar sanin iyakar ƙarfinsu, ka ba mu zuciyar ɗaukar nauyin juna, ka kuma tabbatar da salama a hanyoyinmu. Cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.