Masu Neman Jijiya a Sanyin Jos

Da asubar hunturu a Jos, sanyi kan sa jijiyoyin hannu su tsuke su ɓuya. Nas ɗin da ta ƙware ba ta gaggawar soka allura. Sai ta ɗumama hannun majinyaci, ta ɗaure damtse, ta lalubo jijiyar da yatsa, sannan ta sa kanula. Idan yaro ne da gudawa ta tsotse, neman ya fi wuya, ga uwa tsaye tana kallo.

Ƙarin ruwa ke nan, aikin da mutane da yawa ke ɗauka rataya leda ne kawai. Alhali lissafi ne. Ruwan gishirin da aka fi amfani da shi yana da giram 9 na gishiri a kowace lita. Idan likita ya rubuta a ba da mililita 500 cikin awa 8, da irin robar da ke ɗiga ɗigo 20 a mililita, nas za ta saita kusan ɗigo 21 a minti ɗaya, tana duban agogo. Idan ya yi gudu da yawa, ruwa na iya taruwa a huhun tsoho ko jariri. Shi ya sa al'adar nan ta zuwa kemis a ce "a sa mini ruwa" don gajiya kawai take da ban tsoro.

Hanyar ƙarin ruwa ta daɗe. Likita Thomas Latta ne ya gwada ta a kan masu kwalara a Sikotland a 1832.

Mai sha'awar sana'ar sai ya fara zama cikakken ma'aikacin jinya, ko ta kwalejin jinya da ungozoma da ke Vom, ko ta digirin shekara 5 a Jami'ar Jos, sannan ya sami lasisin Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Hannu kuwa a bakin gado yake faɗawa, a sashen gaggawa da ɗakin yara na asibitin JUTH da ke Lamingo, ko Jankwano, ko Plateau Specialist.

Jos ta san haɗarin kusantar jini da ruwan jikin majinyaci. A 1969, nas Charlotte Shaw ta yi jinyar Laura Wine, wadda aka kawo daga garin Lassa, kuma zazzaɓin Lassa ya kashe su duka biyu. Don haka malaman jinya ba sa ɗaga ƙafa a kan safar hannu, kuma suna hana ɗalibi mayar da murfin allurar da ta riga ta shiga jiki. Kai tsaye ake jefa ta cikin akwatin da aka tanada.