Tsohuwar Laftof a Mandawari da Abin da Ke Hana Ta Ritaya

Wanda ya bi Sabon Titin Mandawari ya gangara cikin lunguna, yana leƙa shagunan buga takardu da na masu ɗinkin kwamfuta da masu yanka sitika, ba zai rasa ganin laftof mai kauri kamar bulo ba, fentinta ya koɗe, an ɗaure murfinta da salatif, wata waya mai faɗin kai ta fito daga bayanta ta nufi firinta ko injin aiki. Yaron da ke danna ta sau da yawa bai kai ta shekaru ba. Hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne talauci ne ya sa ake lallaɓa ta. Akwai gaskiya a ciki, musamman tun watan Yunin 2023 da aka saki naira, dalar da ake samu a kan wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kowace kwamfuta da dala ake shigo da ita. Amma tsada ba ta bayyana dalilin da zai sa mai shagon da ke riƙe da waya ta ɗaruruwan dubban naira ya je Beirut Road yana cigiyar Dell Latitude D610, samfurin 2005, ya ƙi wadda ta fi ta ƙuruciya ko da kuɗinsu ɗaya. Dalilin yana bayan kwamfutar, inda ramukanta suke.

Jarin mai shago yana cikin abin da laftof ke tuƙawa, wato firintar da ba ta gajiya, da injin yanka sitika, da keken da ke zana aiki a wuyan riga, da tarin zane-zanen da aka yi shekaru ana ajiyewa. Yawancin waɗannan injuna an ƙera su ne lokacin da kwamfuta ke magana da na'ura ta rami biyu, mai ƙofofi 25 na firinta da ake kira faralel, da mai allura 9 da ake kira siriyal. D610 tana da duka biyun, ThinkPad T42 ta kamfanin IBM tana da na firinta. Daga baya masu ƙera laftof suka toshe su don jiki ya sirance, suka bar USB kaɗai. Injin kuwa yana nan da ƙarfinsa, ƙarfe ne da inji mai juyawa, zai iya ƙara shekara goma yana kawo kuɗin cefane. Idan aka sa farashin sabon keken ɗinki a hannu ɗaya, farashin laftof 'yar Beljiyam a ɗaya hannun, lissafin ba ya buƙatar kalkuleta.

Inda ramin ya ɓace, kati ake nema, kuma a nan ƙwarewar injiniyoyin gyara take fitowa. A gefen tsofaffin laftof akwai wata tsaga da ake zura kati mai faɗin katin banki, wadda aka fi sani da PCMCIA, sunan ƙungiyar kamfanonin da ta tsara ta, wadda aka kafa a 1989. Mutanen Kano da suka yi intanet a shekarun 2000 sun san ta, domin ta nan ake zura katin Starcomms mai ɗan eriya kafin modem na USB ya cika gari. Tsagar iri ɗaya ce a ido, allura 68 ne a ciki, amma katunan gida biyu ne. Na farko tsohon tsari ne mai bit 16. Na biyu shi ne CardBus da ya zo a 1995, mai bit 32, mai aiki da bolt 3.3, wanda ake gane shi da wani zirin ruwan gwal a bakinsa. An yi masa ɗan tudu a gefe don kada ya shiga tsagar da ba tasa ba, wanda kuma ya tura da ƙarfin tsiya lanƙwasa allurai zai yi. A 2003 aka fito da ExpressCard mai faɗin milimita 34 ko 54, wanda ba ya ga maciji da na baya. Saboda haka tambayar farko da mai gyaran kirki ke yi wa kwastoma ita ce wace laftof ce, wace shekara, tun bai buɗe akwatin katunansa ba. Da irin waɗannan katuna ake ƙara wa tsohuwa USB 2.0, gudun ya tashi daga megabit 12 zuwa 480, ko a ba ta Wi-Fi, ko a mayar mata da ramin firinta.

Mai karatu zai ce ai akwai 'yar wayar da ke juya USB zuwa faralel ko siriyal, tana nan birjik a kasuwa da araha, me ya kawo wahalar kati? Ga firinta zalla takan yi aiki. Matsalar ita ce kwamfuta tana ganin wannan waya a matsayin firintar USB, ba ta ganin ta a matsayin rami na ainihi, don haka tsohuwar manhajar zanen ɗinki da ke neman ɗan makullinta a ramin faralel za ta duba ta ce babu kowa a gida. Ta siriyal kuma tana da nata ciwon. An cika duniya da jabun ƙwayar Prolific PL2303, kamfanin ya fitar da sababbin direbobi da ke ƙin jabun, sai mutum ya jona waya ya ga alamar ruwan ɗorawa da saƙon lamba 10 alhali komai lafiya yake a ido. Maganin da aka sani shi ne komawa tsohon direba, ko neman waya mai ƙwayar FTDI ta gaske. Haka katin USB 2.0 yakan kasa ɗaukar hadis na waje, saboda tsagar ba ta ba shi wutar da za ta kai miliamfa 500 a kowane baki, sai an ƙara masa wuta ta gefe. Katin Wi-Fi na farkon ƙarni kuma zai hango hotspot ɗin waya amma ya kasa shiga, domin WEP kaɗai ya iya, wayoyin yau kuwa WPA2 suke nema.

Duk wanda ya bi waɗannan matsaloli ɗaya bayan ɗaya zai lura cewa kaɗan ne daga cikinsu lalacewar ƙarfe. Na'urar tana da rai, direbanta ne ya yi wuyar samu. Microsoft ta janye hannu daga Windows XP ranar 8 ga Afrilun 2014, daga Windows 7 a Janairun 2020, daga Windows 10 a Oktoban 2025, kuma duk lokacin da aka yi haka masu ƙera firinta da sikana sukan daina rubuta wa tsofaffin kayansu direba, wasu ma su share tsohon daga shafinsu. Windows mai bit 64 ba ta karɓar direban da ba shi da sa hannu, ba ta kuma buɗe manhajar bit 16. Wannan ya sa dukiyar mai gyara ta gaskiya ba ta cikin kwalin sukudireba, tana cikin wani tsohon filashi ko faifan CD da ya tara direbobi a kai shekara da shekaru, da abin da ya haddace na wane kati ne ke shiri da wace laftof. Ilimi ne da ba a rubuta ba, yaro yana ɗaukarsa ne a gefen teburin maigidansa kamar yadda ake koyon dukanci ko rini. Idan maigidan ya koma sayar da waya a Farm Centre, abin da ya sani ya tafi da shi.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa wannan harka tana mayar da mu jujin Turai. Ba za a yi watsi da ita ba. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu da ke shigowa Najeriya a shekara a 2015 da 2016, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun daga jirgi, duk da yarjejeniyar Basel ta 1989 da dokokin hukumar NESREA na 2011. Abin da ya mutu yana ƙarewa ne a hannun 'yan jari-bola, a ƙona waya a ciri tagulla, hayaƙin ya shiga ƙirjin yara. Sai dai wannan hujja tana kan mai shigo da gawa ne. Wanda ya sa kati ya tayar da laftof ta ci gaba da tuƙa injin yanka sitika ya hana abu biyu zuwa bola, laftof ɗin da injin. Suka ta biyu ita ce tsaro, kuma ita ma rabin gaskiya ce. XP da aka jona da intanet gida ne ba ƙyaure. Amma laftof ɗin da aikinta tura zane zuwa keke ba ta da abin yi a intanet. Ƙofar da ɓarna ke shigo mata ita ce filashin kwastoma, wanda ya zaga shago biyar kafin ya iso, ya kwaso cutar nan da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi.

Hatsarin da ba a cika magana a kai ba ya fi waɗannan kusa. Hadis ɗin irin waɗannan laftof na tsohon tsarin IDE ne mai allura 44, an daina ƙera shi, duk wanda ke kasuwa ya riga ya sha aiki a wani wuri. A cikinsa kuma ake ajiye abin da ba shi da kwafi. Kano gari ne da aka buga ɗaruruwan littattafan Hausa a shagunan kwamfuta tun shekarun 1990, da yawa da haruffan Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira don samar da ƙ da ɗ da ɓ kafin tsarin Unicode ya zama ruwan dare. Fayil ɗin da aka rubuta da su, in aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da su, haruffa masu lanƙwasa sukan rikiɗe su koma wasu alamomi. Haka zanen wuyan riga da aka adana a tsarin da tsohuwar manhaja kaɗai ke karantawa. Katin da ya tayar da laftof yakan sa mai ita ya saki jiki, ya ɗauka tunda ta tashi yau za ta tashi gobe, alhali lokaci kawai ya saya masa. Akwai ɗan adafta mai araha da ke ba da damar sa katin CompactFlash a gurbin hadis ɗin IDE, akwai kuma akwatin da ke juya tsohon hadis ya zama na USB a kwashe abin da ke ciki cikin awa guda. Mafi yawan masu shago ba sa tambayar ɗayansu sai ranar da hadis ya fara ƙaras-ƙaras, allo ya tsaya baƙi, ga kwastoma a tsaye da rigunan angwaye ana saura kwana uku ɗaurin aure.