Makonnin Farko a Jami'ar Jamus: Nasiha ga Ɗalibin Musaya

A watan Oktoban kowace shekara jami'o'in Jamus ke buɗe zangon karatu na hunturu, kuma a lokacin ne dubban ɗalibai baƙi ke sauka a filayen jirgin Frankfurt da Berlin da Munich. A cikinsu akwai 'ya'yanmu daga Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai. Wasu sun tafi da tallafin hukumar DAAD, wadda tun 1925 take ɗaukar nauyin musayar ɗalibai da malamai, wasu kuma ta shirin Erasmus da Turai ta ƙirƙiro a 1987. Ɗalibin musaya ba shi da shekara huɗu kamar mai neman digiri. Zango ɗaya gare shi, ko biyu in an yi masa karamci. Saboda haka duk abin da ya lalace masa a makonnin farko, da wuya ya gyaru kafin ranar komawa gida.

Abin da nake so ɗalibi ya riƙe kafin komai shi ne wannan: Jamus ƙasa ce ta takarda da wa'adi, kuma babu mai bin ka yana tuna maka. Ba za a yi maka faɗa ba, ba za a kira mahaifinka ba. Ranar za ta wuce kawai, ƙofa ta rufe.

Mu fara da masauki, domin shi ne tushen sauran. Ɗakunan kwanan ɗalibai suna hannun wata hukuma ce ta daban da ake kira Studierendenwerk, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa layinsu ke da tsawo. Ranar da takardar gurbin karatu ta zo maka, a ranar ka nemi ɗaki. In ba ka samu ba, yawancin ɗalibai haɗa kai suke yi su kama gida ɗaya, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na kowa da kowa. Mai gida zai karɓi kuɗin ajiya, amma doka ba ta ba shi damar ya wuce kuɗin hayar wata uku ba. Kada ka tura wa kowa ko sisi a intanet don ɗakin da kai ko wani amintaccenka bai gani ba. Macuta sun daɗe da gano cewa baƙo mai neman wurin kwana yana cikin gaggawa.

Da ka tare, doka ta ba ka mako biyu ka je ofishin hukumar gari ka yi rajistar adireshinka, ɗauke da fasfo da takardar shaida daga mai gida. Sunan wannan rajista Anmeldung, kuma za ka ji shi a bakin kowa. Ita ce ke kawo maka lambar haraji, banki zai nemi takardarta, haka ma ofishin baƙi idan zamanka zai zarce wa'adin bizarka. A manyan birane samun ranar ganawa da ofisoshin nan yakan ɗauki makonni, don haka a nemi rana da wuri. Sai wani ƙaramin abu da ke jefa mutane da yawa cikin wahala: ɗan sanda ko banki ko jami'a, duk ta wasiƙa suke magana, mai raba wasiƙu kuma sunan da ke jikin akwati yake dubawa. Idan sunanka ba ya manne a jikin akwatin wasiƙun gidan, katin bankinka zai zo ya koma kana ɗaki a zaune kana jira. Ka rubuta sunan yadda yake a fasfo ka liƙa tun daren farko.

Batun kuɗi kuwa, wanda ba shi da cikakken tallafi sai ya nuna shaidar abin da zai ci da shi kafin a ba shi biza. Tun daga watan Satumban 2024 adadin ya kai Yuro 11,904 a shekara, ana ajiye shi a wani asusu da ba ya sakin fiye da Yuro 992 a wata. Daga ciki za ka biya haya, da inshorar lafiya wadda ba a yi wa ɗalibi rajista a jami'a sai da ita, da kuɗin rediyo da talabijin na Yuro 18.36 da ake ɗora wa kowane gida duk wata ko ana kallo ko ba a yi. Akwai kuma kuɗin zango, wanda a jami'o'i da yawa ya haɗa da tikitin bas da jirgin ƙasa. Dokar da ta fara aiki a watan Maris na 2024 ta yarje wa ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba ya yi aiki na kwana 140 a shekara, ko rabin yini sau 280. Amma ina roƙon iyaye da 'yan uwa su tausaya. Yaron da ya je zango ɗaya bai je ci-rani ba. Idan aka matsa masa da neman aike, zai ƙare zangon a wurin wanke-wanke da ɗaukar kaya, ya dawo ba karatu ba kuɗi.

A aji ma tsarin na takarda da wa'adi ne. Kafin ka tashi, sashenka na gida da na can su sa hannu a takardar da ta lissafa darussan da za ka ɗauka, in ba haka ba kana iya dawowa a ce ba a san da makinka ba. Cikakken zango maki 30 ne a ma'aunin Turai na ECTS, kowane maki yana wakiltar aikin awa 25 zuwa 30, kuma mafi yawan awoyin nan a ɗakin karatu za ka yi su kai kaɗai. Halartar darasi ba ta sa sunanka a jerin masu jarrabawa. Rajistar jarrabawa daban ce, da nata wa'adin. Sakamako kuma a juye yake: 1.0 ne ƙoli, 4.0 tsira da ƙyar, 5.0 faɗuwa. Mu da aka yi wa tarbiyyar sunkuyar da kai a gaban malam, yin shiru ladabi ne. A can malami yana ɗaukar shirun alamar ba ka yi karatu ba. Kowane malami yana da sa'o'in ganin ɗalibai a ofishinsa. Ka je, matambayi ba ya ɓata. In darasi ya ƙare ka ji ɗalibai suna ƙwanƙwasa tebur da ƙashin yatsu, godiya suke wa malam.

Kwafar rubutun wani ba tare da ambatonsa ba laifi ne da ba a sassautawa. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin digirgir na ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, saboda satar rubutu, kuma cikin 'yan kwanaki ya sauka daga kujerarsa. Inda minista bai tsira ba, baƙon ɗalibi ya yi hattara.

Sai hunturu. Ba sanyin ne kaɗai ke karya ɗan ƙasar Hausa ba, har da duhu. A watan Disamba a Berlin rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, Azahar da La'asar da Magariba su biyo juna cikin 'yan sa'o'i, sau da yawa kana aji. Ka tsara lokutan sallarka tun farkon mako, ka tambayi ƙungiyar ɗalibai Musulmi inda ake Juma'a. Ɗalibi Kirista ma zai tarar da ƙungiyoyin coci a kusan kowace jami'a. Musulmin Jamus sun haura miliyan biyar, kuma shagunan Turkawa da Larabawa suna da naman halal. Kilishi da dambun nama da man shanu dai a bar su a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan nono, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Ranar Lahadi kasuwa a rufe take, a yi cefane tun Asabar. Idan kewa ta yi nauyi har barci da cin abinci suka gagara, akwai masu ba ɗalibai shawara kyauta kuma cikin sirri. Zuwa wurinsu ba gazawa ba ce.

Ba zan ɓoye ba, baƙar fata na iya haɗuwa da kallon raini ko baƙar magana. Ka kai ƙara ofishin ɗaliban ƙasashen waje, in abin ya kai ga barazana ka kira 'yan sanda a lamba 110. Amma kada mutum ɗaya mara tarbiyya ya sa ka kulle kanka cikin 'yan ƙasarku kaɗai, kuna hira da Hausa daga safe har dare. Sai da ɗan gari akan ci gari. Heinrich Barth, haifaffen Hamburg da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya san ƙasarmu ne saboda ya koyi Hausa ya zauna da mutane. Kai ma ka shiga ajin Jamusanci ko da darussanka da Turanci ake yi, ka karɓi ɗalibin da jami'a za ta haɗa ka da shi ya zama jagoranka, ka dafa wa abokan zamanka shinkafa da miya.

Ƙannena ɗalibai maza da mata, kujerar da kuka samu amana ce. Yadda kuka riƙe ta shi zai sa jami'ar ta sake karɓar wani daga makarantarku baɗi, ko ta rufe ƙofa. Ku kiyaye wa'adi, ku buɗe baki ku yi tambaya, ku dawo mana da ilimin da kuka tafi nema. Allah ya ba da sa'a.