TAFIYA CIKIN JIRGIN SAMA: YADDA MATAFIYI ZAI KIYAYE LAFIYARSA

A zamanin kakanninmu, wanda ya yi niyyar Makka daga Maraɗi ko Damagaram yakan bi ta Cadi da Sudan, a ƙasa ko bisa raƙumi, ya yi shekaru kafin ya dawo gida. Wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu tana can Sudan har yau. Yanzu kuwa jirgi yana tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai, ya sauka Jidda ko Madina cikin awa 5 zuwa 6. Nisan ya kai wajen kilomita dubu 4. Mafi yawan mutanenmu na karkara masu shiga jirgi maniyyata ne, kuma da yawansu dattawa ne da ba su taɓa shigarsa ba. Domin su muka rubuta wannan bayani, amma zai amfani ɗan kasuwa, da ɗalibi, da mai zuwa neman magani waje.

Shirin tafiya daga gida yake farawa. Ƙasar Saudiyya tana neman kowane maniyyaci ya yi allurar rigakafin sanƙarau, wadda ke tare iri huɗu na cutar, aƙalla kwana 10 kafin isowarsa. An ƙarfafa wannan doka bayan annobar da ta kama alhazai a shekarun 2000 da 2001, har wasu suka kai cutar ƙasashensu. Mu mutanen Nijar ana neman mu kuma da shaidar allurar shawara. Tun shekara ta 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar shawara guda ɗaya ta isa mutum har iyakar rayuwarsa, saboda haka wanda ya taɓa yi ya adana karnensa mai ruwan ɗorawa. Akwai masu neman a buga musu hatimi a karne ba tare da an yi musu allurar ba. Wannan mugun ciniki ne. Hatimi yana wuce da mutum gaban jami'i, amma ba ya tare sanƙarau cikin taron mutane fiye da miliyan.

Mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai ciwon zuciya, da mai fuka, da mai amosanin jini, kowa ya ga lokotoro makonni kafin tafiya. Kada a bari sai ranar tashi. Ya nemi maganin da zai ishe shi har dawowa, tare da takardar lokotoro mai sunan maganin. Magani a jakar hannu ake sa shi. Babbar jaka tana iya ɓata, ko ta iso bayan kwana biyu. Allurar masu ciwon suga ma sanyin wurin kaya yana iya lalata ta. Mace mai ciki tana iya shiga jirgi idan cikin lafiya yake, amma yawancin kamfanoni suna neman takardar lokotoro daga mako 28, kuma ba su ɗaukarta bayan mako 36, ko mako 32 idan tagwaye ne. Wani gargaɗi kuma: kada ku karɓi saƙon kowa a filin jirgi in ba ku ga abin da ke ciki da idonku ba. Akwai magunguna da ake sayarwa a kasuwanninmu, irin su taramadol, waɗanda ke kai mutum kurkuku a can. Goro ma hukumomin aikin hajji suna gargaɗin a bar shi gida.

To, mene ne ke faruwa da jiki idan jirgi ya tashi? Babban jirgi yana tafiya tsakanin mita dubu 10 da dubu 12 sama da ƙasa. Can sama sanyi ya fi na kowace ƙanƙara, iska kuma ba ta isa mutum numfashi. Shi ya sa ake rufe jirgi ruf, injuna suna tura iska ciki. Duk da haka iskar cikin jirgi ba ta kai nauyin ta ƙasa ba. Kamar ta kan dutse ce mai tsayin mita 1800 zuwa 2400. Dutsen Bagzan na ƙasar Abzin, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijar, ya ɗan wuce mita dubu 2. Ke nan mai zama cikin jirgi kamar wanda aka ɗauka daga Tasawa ne aka ajiye bisa Bagzan cikin rabin awa. Mai lafiya ba ya jin komi sai ɗan kasala. Mai ciwon zuciya ko huhu, ko mai ƙarancin jini, shi ne numfashi ke iya yi wa wuya. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi ko numfashinsa yana sarƙewa, ya danna maɓallin kira da ke bisa kansa. Ma'aikatan jirgi suna da tulun iskar numfashi, kuma an koya musu taimakon farko.

Kunne shi ne ya fi damun baƙon jirgi, musamman lokacin sauka. Tsakanin kunne da maƙogwaro akwai wata siririyar hanya da iska ke bi. Idan jirgi yana saukowa, iskar waje tana ƙara nauyi, ta danne fatar kunne, sai mutum ya ji kunnensa ya toshe ko yana zafi. Maganinsa shi ne a buɗe wannan hanya: a haɗiye miyau, a yi hamma, a tsotsi alawa ko a tauna cingam. In bai buɗe ba, a toshe hanci da yatsu, a rufe baki, a hura a hankali, ban da ƙarfi. Jariri a ba shi nono lokacin tashi da lokacin sauka, tsotson ne maganinsa. Wanda barci ya ɗauke, maƙwabcinsa ya tashe shi idan an yi shelar sauka, domin mai barci ba ya yawan haɗiya. Mai mura ya faɗa wa lokotoro tun kafin tafiya, don mura tana toshe wannan hanya.

Iskar da ke cikin mutum ma tana kumbura a sama. Saboda haka a daren tafiya a rage wake da ɗanwake da lemun kwalba mai gas. A ci abinci mara nauyi, amma kada a shiga jirgi da yunwa, balle mai ciwon suga.

Mu zo ga maganar ruwa, wadda a ganina ta fi duka muhimmanci ga dattawanmu. Iskar cikin jirgi busassa ce kamar ta hunturu. Leɓe yana tsagewa, hanci da ido suna bushewa. Ɗan man kaɗe a ƙaramin gwangwani ya isa ga leɓe da hanci. Amma abin da jiki ke so shi ne ruwa, kofi ɗaya kowace awa. Da yawa daga cikin tsofaffinmu, maza da mata, suna ƙin shan ruwa tun daga gida, don kunyar tashi zuwa makewayi gaban mutane, ko don tsoron ba su iya aiki da shi ba. Sai mutum ya kwana a filin jirgi, ya yi awa 6 a sama, ya sauka cikin zafin Jidda, duk babu ruwa a jikinsa. Wannan shi ke kawo jiri da faɗuwa. Makewayin jirgi ba shi da wuyar sha'ani. In ka shiga, ka ja sakata, fitila ta kama. In ka gama, ka danna maɓalli, za ka ji ƙara mai ƙarfi: iska ce ke janye ƙazanta, ba abin tsoro ba ne. Kada dai a zuba ruwa a ƙasa, don ba shi da magudana kamar na gida, kuma akwai wayoyin lantarki ƙarƙashinsa. Ya fi kyau a yi alwala tun a filin jirgi. Ku masu karatu, ku yi wa iyayenku wannan bayani kafin su tashi. Ruwa da shayi ana ba da su cikin jirgi, a nema ba roƙo ba ne.

Sai maganar ƙafafu. Manomi da makiyayi ba su saba zama wuri ɗaya ba, jikinsu kullum cikin motsi yake. Idan mutum ya daɗe zaune da ƙafa a lanƙwashe, jini yana tafiya a hankali cikin jijiyoyin ƙwauri, har wani lokaci ya daskare ya yi gudaji. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa. A shekara ta 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin yana ninkawa biyu bayan awa 4 na zama, ko cikin jirgi ko cikin mota. Abin ba ya yawan faruwa: wajen mutum 1 cikin dubu 6. Amma ya fi kama tsofaffi, da masu ƙiba, da masu ciki ko sabuwar haihuwa, da mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan. Mu lura kuma, ɗan Damagaram ya riga ya yi wuni guda zaune cikin mota in ta Yamai zai tashi. Kariyar ba ta cin ko dala. Kowace awa ɗaya ko biyu a tashi a taka cikin jirgi. Daga zaune a riƙa ɗaga dunduniya ana saukewa, ana juya idon sawu. Kada a cusa jaka inda ƙafa za ta miƙe, kada a ɗora ƙafa bisa ƙafa, a sa tufafi masu walawa. Maganin barci kuma a bar shi, sai in lokotoro ya rubuta.

Wani lokaci jirgi yana girgiza kamar mota a hanya mai gargada. Iska ce ya shiga, kuma an ƙera shi don ya jure haka. Wanda ke jin rauni shi ne wanda bai ɗaura maɗaurin kujera ba, don haka a bar shi ɗaure muddin ana zaune. Mai jin tashin zuciya zai tarar da ƴar jakar takarda a aljihun kujerar gabansa. Taba haramun ce ko'ina cikin jirgi, har makewayi. Jirgi yana da sanyi, a riƙe mayafi kusa.

In an sauka, agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2. Mai shan magani bisa lokaci ya tambayi lokotoro yadda zai gyara. Ƙafafu biyu su ɗan kumbura bayan tafiya ba abin damuwa ba ne, yana saɓewa da tafiya da hutu. Amma idan ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, tana zafi, tana ciwo, ko mutum ya ji ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi, ko da bayan mako biyu ko uku ne da sauka, kada a yi tausa, kada a jira. A kai shi likita nan take, a kuma shaida wa lokotoro cewa ya yi doguwar tafiya cikin jirgi.