Fitilar mota rawaya: tana hutar da idon direba da dare?

Idan kaka ta yi, hanya ba ta barci. Motocin da ke kwasar gero da wake da albasa sun fi son tafiyar dare, don a isa kasuwa da sassafe, kuma don tayoyi su huta da zafin kwalta. Amma duk wanda ya taɓa zama gaban mota da dare, tsakanin Ƙonni da Maraɗi ko tsakanin Tasawa da Damagaram, ya san wahalar da ido ke sha. Mota ta taho daga gaba, ta watso maka farin haske, ka daina ganin komai. Bayan ta wuce ido yana ruwa, kai yana sara.

Saboda haka wasu direbobi da masu babur suke liƙa leda rawaya, wato mai ruwan ɗorawa, a kan gilashin fitilarsu. Wasu fenti suke shafawa. Wasu kuma suna sayen ƙwan fitila rawaya su sa. Suna cewa hasken ya fi sanyi ga ido, kuma ya fi ratsa hazo. Jama'a masu karatu, a cikin wannan magana akwai gaskiya, akwai kuma kuskuren da ke iya cin rai. Bari mu rarrabe su.

Asalin abin

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekara ta 1936 gwamnatin Faransa ta yi doka cewa fitilun gaba na mota su zama rawaya. Dokar ta fara aiki a kan sababbin motoci a 1937. Manufarta ita ce a rage kashe ido idan motoci biyu suka haɗu da dare. An yi shekara fiye da 50 ana bin ta. Sai a farkon 1993 aka daina tilasta wa mutane, domin Faransa ta daidaita dokokinta da na sauran ƙasashen Turai, masu aiki da farar fitila.

Dattawan direbobinmu sun san wannan haske. A da, motocin Peugeot 404 da 504 da ake korowa daga Faransa, a ratso hamada da su ta Arlit da Agadas, da irin wannan fitila da yawansu suke isowa. Shi ya sa har yau za ka ji tsohon direba yana cewa fitilar da ta fi ta yanzu mutunci.

Sai dai a lura da abu guda. Rawayar Faransa ba fenti ba ce, ba leda ba ce. Gilashin ƙwan ne aka rina a masana'anta, ko aka kifa masa ƴar hular gilashi rawaya, bisa awo da ƙa'ida.

Abin da rawaya ke yi wa haske

Farin haske gauraye ne na launuka da dama. Muna ganin su a rarrabe cikin bakan gizo da damina. A cikinsu, shuɗi ne ya fi damun ido da dare. Idan aka kunna fitila biyu masu ƙarfi ɗaya, yawancin mutane za su ce wadda haskenta ya karkata ga shuɗi ta fi zafi. Gilashi rawaya yana tare shuɗin, ya bar sauran su wuce. Nan ne gaskiyar direbobi take: hasken ya fi daɗin kallo.

Amma gilashin kamar rariya yake. Abin da ya sauka cikin ƙwarya bai kai abin da aka zuba ba. Rawaya ba ta ƙara haske ko kaɗan, ragewa take yi. Ko gilashi mai kyau na masana'anta yana cinye wajen kashi 15 cikin 100 na hasken ƙwan fitila irin na da. Leda mai duhu da fenti suna iya cinye fiye da haka nesa ba kusa ba. Sababbin fitilu masu farin haske ƙal, waɗanda ake kira LED, shuɗin da ke cikinsu ya fi yawa, don haka asararsu ta fi girma idan aka rufe su da rawaya.

To, ga tambayar da ya kamata direba ya yi wa kansa: idon wa ke hutawa? Fitilarka gaba take haskawa, ba fuskarka ba. Idan ka mai da ita rawaya, wanda ke tahowa ne ya fi cin moriya. Kai kuwa, abin da ke kashe maka ido shi ne fitilar wancan, kuma ledarka ba ta iya yi mata komai. Ɗan sauƙin da kake samu shi ne na hasken da ke dawo maka daga allunan hanya da ƙura. Sauƙi ne, ba a musu, amma ka saye shi da raguwar nisan gani.

Jin daɗin ido daban, gani daban. Mutum yana iya jin idonsa ya huta alhali bai hango jakin da ke tsaye bisa kwalta ba.

Mu yi lissafi

Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cinye mita 25 a kowace daƙiƙa guda, wato kafin ka ce "ɗaya" ka rufe baki. Bisa ƙa'idar da ake koyarwa a makarantun tuƙi, babbar wuta, wadda direbobi ke kira far, ya kamata ta haska mita 100 ko fiye. Ƙaramar wuta, wato kod, ana bukatar ta haska aƙalla mita 30. Tsayawa kuwa, daga lokacin da direba ya ga abu zuwa lokacin da mota ta tsaya cik, tana cin wajen mita 80 a wannan gudu, idan birki da tayoyi lafiya suke kuma hanya a bushe take. A gudun kilomita 50, wajen mita 25 zuwa 30 ne.

Ku duba da kyau. Mai gudun 90 da ƙaramar wuta ya riga ya wuce gonarsa, domin abin da zai hango ya fi kusa da inda zai iya tsayawa. A hanyoyinmu kuwa, abin da ke cikin duhu ba ya ƙirguwa: amalanke marar fitila ɗauke da kara, garken shanu, raƙumi, mai keke, manomi da baƙar riga yana komawa gida, babbar motar da ta lalace aka jera mata rassan itace kaɗai. Wanda ya rage hasken fitilarsa da fenti ya rage mitocin da ke tsakaninsa da waɗannan bayin Allah.

Fenti da leda suna da wata illa kuma. Gilashin fitila da madubin da ke cikinta an tsara su ne don su tattara haske su kwantar da shi bisa hanya. Shafin da bai yi daidai ba yana warwatsa hasken. Zafin ƙwai da zafin rana suna ƙona ledar, ta yi duhu, ta tsattsage, ƙura ta shige ƙarƙashinta.

Maganar hazo

An daɗe ana cewa rawaya tana ratsa hazo. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Ƙwayoyin ƙura da na raɓa suna da girman da zai sa su mai da kowane launi baya kusan daidai wa daida. Abin da ya sa ƙananan fitilun hazo ke da amfani shi ne wurin da aka ɗaura su: suna can ƙasa, suna haska kwalta, haskensu ba ya dawowa cikin idon direba. Idan hunturu ya kawo hazo, ko iska ta taso da rairayi, kashe babbar wuta, ka koma ƙarama, ka rage gudu. Babbar wuta cikin ƙura farin bango take gina maka.

Tabarau rawaya da ake sayarwa a tasha da sunan na tuƙin dare, su ma rariya ce. A 2019 masu bincike a birnin Boston na Amurka sun gwada irinsu a kan mutum 22, cikin na'urar da ke kwaikwayon tuƙin dare. Tabaran bai sa sun fi saurin hango mai tafiya a ƙasa ba, ko da fitila na haska su, ko babu.

Wanda duk da haka yake son rawaya, ya nemi ƙwan da aka yi shi rawaya tun daga masana'anta, mai ƙarfi daidai da wanda ya cire, ya sa iri ɗaya dama da hagu. Ya tambayi masu binciken lafiyar mota tukuna, kada a tsai da shi a hanya. Ja ko shuɗi kuwa, ba su da wuri a fitilar gaba.

Abin da ya fi rawaya amfani

Yawancin gajiyar ido da dare daga datti take, kuma maganinta ruwa ne da tsumma mai laushi. Gilashin gaba mai ƙura da maiƙo yana fasa hasken motar da ke tahowa, ya baje shi ko'ina. A wanke shi waje da ciki. Ciki ne mutane ke mantawa, alhali nan hayaƙin taba da zufar hannu suke taruwa. Kada a goge ƙura a bushe, domin rairayi yana karce gilashi, kuma kowane karce yana walƙiya da dare. Haka fitilun kansu: a wanke su kafin a tashi. Murfin fitila na roba, idan rana ta ci shi, yakan dushe ya yi rawaya-rawaya. Wannan ba rawayar alheri ba ce. A sa a goge shi ya yi haske, ko a sake shi.

Sai saitin fitila. Wannan kowa na iya dubawa a gida. Tsai da mota a wuri mai shimfiɗe, mita 10 daga bango, tana fuskantarsa. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama da gawayi a bango daidai wannan tsayi. Kunna ƙaramar wuta. Bakin hasken na sama ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da wajen santimita 10. Idan ya haura alamar, kana kashe wa mutane ido, su ma za su rama da babbar wuta. Bakanike yana gyara wannan da ƴan juye-juyen noti. Masu ɗaukar kaya su tuna: buhunan albasa ko wake idan suka danne bayan mota, gabanta yana ɗagawa, fitilar da ke daidai da safe ta koma kallon sama da dare.

Akwai masu cire ƙwan asali mai wat 55 ko 60 su sa mai wat 100, ko su cusa ƙwan LED cikin tsohuwar fitilar da ba a yi ta dominsa ba. Na farko yana ƙona waya da madubi. Na biyu sau da yawa yana watsa haske sama da gefe. A ganina waɗannan sun fi kowa alhakin kukan da direbobi ke yi a yau.

Idan mota ta taho da haske, kada ka zuba mata ido. Dubi bakin hanya na hannun damanka, ka sassauta ƙafa. Rage hasken agogon mota, ka kife wayar salula. Madubin ciki yana da ɗan harshe a ƙasansa. Idan ka juya shi, hasken na bayanka zai ragu. Masu amalanke kuma su taimaki kansu: ɗan jan abu mai ƙyalli a bayan amalanke, irin wanda ake sa wa keke, ba shi da tsada, kuma daga nesa fitila ke kama shi.

Wataƙila laifin na ido ne

Ido yana tsufa kamar sauran jiki. Hasken da ke isa cikin idon mai shekara 60 bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon mai shekara 20 ba. Kuma idan fitila ta kashe wa dattijo ido, ya fi yaro daɗewa kafin gani ya dawo. A gudun 90, daƙiƙa 4 na rashin gani mita 100 ke nan cikin makanta.

Yanar ido takan fara nuna kanta a tuƙin dare tun kafin a gan ta fari a ido. Mai ita yana ganin kowace fitila da zobe kewaye da ita, ko tana fitar da tsirkiya. Ba leda ko tabarau da ke maganin wannan, kuma ba a ɗiga mata ruwan tsimi ko a kai ta ga mai soke ido. Aiki ake yi a asibiti, a cire abin da ya dushe a sa sabo, yawanci cikin ƙasa da awa guda. Amodari da ya daɗe yana barin tabo a baƙin ido, shi ma yana warwatsa haske. Ciwon sukari da hawan jinin ido suna cin gani a ɓoye, ba tare da zafi ba.

Dundumi kuma kowa ya san shi a karkara: mutum yana gani da rana, magariba na yi sai ya riƙa laluben hanya. Sau da yawa rashin bitamin A ne ke kawo shi. Ana samun wannan bitamin a hanta, da ƙwai, da nono da man shanu, da ganyen zogale, da karas, da kabewa, da mangwaro da gwanda nunannu, da manja. Ya fi kama yara da mata masu ciki, amma babba ma bai tsira ba idan cimarsa ta yi rauni. Wanda abincinsa ke da kyau, ƙarin bitamin ba zai ƙara masa gani ba.

Ga gwaji mai sauƙi. Da yamma, tsaya nesa da wani allo mai rubutu. Rufe idon dama da tafin hannu ka karanta, sa'an nan ka rufe na hagu. Mutane da yawa ba su san ido guda ke yi musu aiki ba sai sun yi haka. Idan ɗaya ya gaza, ko kana ganin zobe kewaye da fitilu, ko ka haura shekara 40 ba a taɓa auna maka ido ba, je gidan likita mafi kusa, su tura ka wurin likitan ido. Kafin a duba ka, bar wa wani tuƙin dare, ko ka ɗaure kaya tun da yamma ka tashi bayan sallar asuba.